Ranar Farko A Gaban Mai Ba Da Shawara



Babu wanda yake zaune a wannan jiha tamu da zai ce bai ji labarin ƙasar Safana da Batsari ba. Garuruwa kamar su Babban Duhu, da Runka, da Ruma, da Wagini, suna makwabtaka da Dajin Rugu, dajin da a dā yake wurin kiwo da farauta, daga baya ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutane kimanin 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A watan Disamba na shekarar nan kuma aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 daga Ƙanƙara aka shiga da su daji. Mu ma cikin Ikilisiya wutar ba ta tsallake mu ba. A watan Mayu na 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. Da shekara ta kewayo, a watan Mayu na 2022, aka ɗauke Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara daga Gidan Mai Kambu a ƙasar Kafur, suka yi fiye da wata guda a hannun masu garkuwa.

A 2025 an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi, har da Jibiya da Batsari da Safana. Muna roƙon Allah ya ba mu salama mai ɗorewa. Amma yau ba zancen bindiga ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Zancena a kan waɗanda suka tsira ne, watau waɗanda aka karɓo daga daji, da waɗanda suka gudo da kayan jikinsu kaɗai zuwa Batsari ko Dutsin-Ma ko birnin Katsina, da waɗanda suka binne nasu. Mun yi musu barka, mun yi Misar godiya, mun koma harkokinmu. Su kuwa da yawa har yanzu ba su dawo ba, ko da yake jikinsu yana tare da mu a coci kowace Lahadi.

Kun san su. Magidanci ne wanda in babur ya wuce bayan gida da dare sai ya zabura ya nemi ƙofa. Uwa ce wadda ta daina barci, take zaune har asuba tana ƙirga numfashin 'ya'yanta. Yaro ne ɗan shekara 9 wanda ya koma yin fitsarin kwance. Saurayi ne wanda dā ba ya sha, yanzu ba ya iya rufe ido sai ya sha burkutu ko ƙwaya. Wani kuma ya zama mai fushi, abu kaɗan sai duka. Irin wannan firgita takan lafa da kanta ga mutane da yawa cikin 'yan makonni, musamman idan suna da masu tallafa musu. Amma idan wata guda ya wuce, abin bai ragu ba, har yana hana mutum noma ko kasuwa ko zaman lafiya da iyalinsa, to, lokaci ya yi da za a nemi wanda ya koyi aikin jiyyar irin wannan rauni. Shi ne ake kira mai ba da shawara.

Sunansa da Turanci ya yi kama da na kansilan ƙaramar hukuma, har akwai masu zuwa da zaton za a rubuta sunansu ne a raba musu taki ko buhun masara. Ba shi ba ne. Ba kuwa boka ba ne, ba zai duba maka ƙasa ya ce wane ne ya jefe ka ba. Mutum ne, mace ko namiji, wanda aka horar a kan halayyar ɗan Adam da yadda tsoro da baƙin ciki suke aiki cikin jiki da tunani. Kayan aikinsa kunne ne, da tambaya, da haƙuri.

Na sani abin da yake hana mutanenmu zuwa shi ne tsoron kada a ce sun haukace. Wannan tsoro yana da dalili. Shekaru da yawa dokar ƙasar nan a kan ciwon hankali ita ce wadda aka gada daga Turawa, ta 1958, wadda ta fi kula da tsare mutum a kan warkar da shi. Sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar doka, wadda ta amince cewa mai irin wannan ciwo yana da mutunci da haƙƙi kamar kowa. Amma doka takan sāke cikin kwana ɗaya, bakin mutane kuwa yakan ɗauki shekaru. Saboda haka bari in faɗa a fili: wanda ya ga an harbe ɗan'uwansa a gabansa, sa'an nan ya kāsa barci, ba mahaukaci ba ne. Hankalinsa ne yake ci gaba da yin gadi bayan ɓarawo ya tafi.

Akwai kuma masu cewa, ai mai bangaskiya ba ya bukatar kowa sai addu'a. Ku tuna da annabi Iliya. Wannan mutum ne da ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al, Allah kuwa ya amsa masa da wuta. Amma da Yezebel ta aika masa da saƙon kisa, sai ya gudu cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Me Ubangiji ya yi masa? Bai tsauta masa a kan ƙarancin bangaskiya ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, har sau biyu. Sai da ya ci, ya huta, ya yi doguwar tafiya zuwa Horeb, sa'an nan Ubangiji ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya kuma bar shi ya zube dukan kukansa. Ku duba jerin nan da kyau: barci, abinci, tambaya, sauraro. Idan Allah kansa ya bi wannan hanya da annabinsa, wane ne mu da za mu ce wa ɗan'uwanmu ya yi shiru ya ƙara azumi? Mai karaya yakan yi addu'a, ya kuma je wurin mai ɗori, ba wanda yake ce masa ya yi ridda.

To, me za ka tarar a ranar farko?

Za ka tarar da ɗaki, ko inuwa a gefe inda ba mai jin maganarku, da kujeru biyu. Ba allura, ba gwajin jini. Zaman yakan ɗauki kamar awa ɗaya. Zai gaya maka sunansa da irin aikinsa, ya kuma nemi yardarka kafin a fara. Daga nan sai tambayoyi, waɗansu kuwa za su ba ka mamaki domin za ka ga kamar ba su da dangantaka da abin da ya kawo ka. Yaya barcinka? Kana cin abinci? Kanka yana ciwo, gabanka yana faɗuwa? Su wa kuke zaune tare? Akwai wanda kake iya gaya wa damuwarka? Kana shan wani abu domin ka manta? Wataƙila ka ga yana rubutu. Kada gabanka ya faɗi, ba rahoto yake rubuta wa hukuma ba, yana ajiye abin da zai tuna ne domin zama na gaba, kana kuma da iko ka tambaye shi wa zai ga takardar.

Akwai tambaya ɗaya mai nauyi da nake so ku shirya mata. Zai iya tambayarka ko ka taɓa tunanin kashe kanka. A wurinmu wannan magana ce da ba a furtawa, wani ma zai ji kamar an zage shi. Ba zagi ba ne, kowa ake tambaya, tambayar kuma ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Idan amsar i ce, ka ce i. Ikilisiya tana koyar da cewa rai na Allah ne, ba namu ba, amma ta kuma san cewa matsananciyar azaba da tsoro sukan rufe wa mutum ido. Wanda ya faɗi abin da yake ransa ya riga ya miƙa hannu a kama shi.

Ba dole ba ne ka ba da labarin daji a ranar farko. Wannan ku riƙe shi da kyau, gama mutane da yawa sun ƙi zuwa ne domin suna zaton za a tsare su a ce sai sun faɗi kome daga farko har ƙarshe. Mai ba da shawara na ƙwarai ba ya ɓalle ƙofa, yakan jira a buɗe masa. In ka ce wannan ba zan iya faɗa yau ba, zai bar shi. In hawaye suka zo, su zo, ko da kai dattijo ne mai furfura. In shiru ya zo, shi ma ba laifi. Abokan Ayuba uku, da suka zo masa jaje, sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, wannan kuwa shi ne mafi kyaun abin da suka yi masa. Sai da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa masifa ne suka ɓata ta'aziyyarsu.

Yanzu sai zancen asiri, a nan kuwa dole in yi muku bayani dalla-dalla domin mu Katolika mun saba da wani irin asiri dabam. Abin da ka faɗa wa firist a wurin shaida zunubi a rufe yake har abada. Ba sarki, ba alƙali, ba bishop da zai sa ya faɗa, ko da za a kashe shi. Asirin mai ba da shawara yana da ƙarfi, amma bai kai wannan ba. Ba zai gaya wa mijinki ba, ba zai gaya wa katikis ko mai unguwa ba. Sai dai idan ya ga ranka yana cikin haɗari, ko kana shirin cutar wani, ko ana cin zarafin yaro, to, wajibi ne a kansa ya nemi taimako. Mai gaskiya zai gaya maka wannan iyaka tun kafin ka buɗe baki. In bai faɗa ba, kai ka tambaya.

Tun da mun taɓo shaida zunubi, bari in ɗan daɗe a nan, gama na ga ana haɗa abubuwa biyun nan ana wahala. Sau da yawa mutum yakan durƙusa ya ce, Fada, na yi zunubi, da ka saurara kuwa sai ka ga ba zunubi ya kawo ba, rauni ya kawo. Wani yana cewa, na gudu na bar ƙanena a baya. Wani yana cewa, saboda ni aka sayar da gona da shanun huɗa aka biya kuɗin fansa, yanzu 'ya'yan yayana ba sa zuwa makaranta. Wata tana cewa, sun taɓa ni a daji, ban cancanci karɓar Jikin Kristi ba. 'Yata, ki ji ni da kyau: abin da aka yi miki da bakin bindiga ba zunubinki ba ne, na wanda ya yi ne. Ba ki da abin tuba a ciki, teburin Ubangiji kuma a buɗe yake gare ki. Firist yana da ikon furta gafara a kan zunubi, amma ba a gafarta abin da ba laifi ba. Shi ya sa mutum yakan fito daga shaida zunubi, mako ya kewayo ya dawo da maganar nan dai, domin nauyin bai sauka ba. Irin wannan nauyi aikin mai ba da shawara ne. Shi zai zauna tare da kai ku warware zaren, ku raba abin da yake hannunka a daren nan da abin da ba ya hannunka. Shi kuma ba ya gafarta zunubi, ba ya ba da aikin tuba. Kowa da gonarsa, mai hankali kuwa yakan je duka biyu. Fada Ojapah da na ambata, bayan ya fito daga daji, bai ce addu'a kaɗai ta isa ba, ya sa kansa cikin aikin taimakon waɗanda suka sha irin wannan azaba.

Sunan nan, mai ba da shawara, yana ɗan ruɗar da mutane. Mun saba idan an je wurin babba, shi yake magana, kai kana sunkuye kana cewa to. Saboda haka wani yakan fito daga zaman farko yana gunaguni, wai na kashe kuɗin mota, mutumin nan bai gaya mini kome ba, ni ne ma na yi ta magana. Haka aikin yake. Ku tuna da almajiran nan biyu a kan hanyar Imuwasu, suna tafe da baƙin ciki bayan an gicciye Ubangiji. Shi da ya fi kowa sanin abin da ya faru, gama a jikinsa aka yi, bai fara da koyarwa ba. Ya tambaye su abin da suke tattaunawa, ya bar su suka ba shi labarin kansa, sai da suka gama sa'an nan ya yi magana. Mai ba da shawara ba zai yanke maka ko ka koma Babban Duhu ka yi noma bana ko ka zauna a Katsina ba. Zai taimake ka ka auna, hukunci kuwa naka ne.

Amma ba hira kawai ba ce. Zai koya maka abubuwan yi. Mai yiwuwa ya nuna maka yadda za ka ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali, sa'ad da gabanka ya fara faɗuwa. Kada ka raina wannan, gama numfashi mai tsawo yakan sa bugun zuciya ya sauka. Zai iya cewa ku lissafa matsalolinka, ku ware waɗanda za a iya taɓawa yanzu, ku ɗauki guda ɗaya tak. Zai iya ba ka aikin gida: makon nan ka fita ka zauna da maƙwabta sau biyu, ko ki koma taron Zumuntar Mata ko da ba za ki yi waƙa ba. Wanda ya yi aikin gida shi yake ganin amfani. Awa ɗaya ce a ɗakin, sauran kwana shida kuwa a hannunka suke.

Kada ku yi zaton sauƙi zai zo ran nan. Gaskiya ma, wani lokaci bayan zama na biyu ko na uku abin yakan ƙara tashi, mafarkai su dawo, mutum ya ce gara dā da na yi shiru. A nan ne da yawa suke yankewa. Wanda aka taɓa wanke masa tsohon gyambo ya san ranar wankin ta fi kowace rana zafi. Idan haka ta faru, kada ka ɓace, ka koma ka gaya masa, zai rage sauri. Ba kuwa aiki ne na har abada ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari a 2016 domin mutanen da bala'i ya shafa, zama 5 ne kawai, ɗaya kowane mako. A ƙasar Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, zama kamar 6, mutane kuwa suka sami sauƙi. Wani raunin yana bukatar fiye da haka, watanni ma, amma ana tafiya ana dubawa.

Akwai lokacin da magana kaɗai ba ta isa ba. In mutum ya daina ci gaba ɗaya, ko yana jin muryoyin da ba kowa, ko ƙwaya ta kama shi sosai, mai ba da shawara zai tura shi wurin likita, gama shi yawanci ba ya rubuta magani. Akwai likitocin wannan fanni a Katsina, akwai kuma manyan asibitocin Tarayya na ciwon hankali a Kware kusa da Sakkwato da Barnawa a Kaduna. Turawar ba kora ba ce. In an ba da maganin baƙin ciki, a sani yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, ba a kuwa yanke shi farat ɗaya ba tare da sanin likita ba.

Kana da haƙƙi, kada kunya ta hana ka nema. Mace tana iya cewa mace take so ta gani. Kana iya cewa da Hausa za a yi. In sai da tafinta, kada ya zama ɗanka ko mutumin unguwarku, domin harshe yakan yi nauyi a gaban na gida. Ka tambayi kuɗi tun farko, da ranar dawowa, domin wanda zai taso daga ƙauyukan Safana da haya ba ya son tafiyar banza. Wanda za ka tarar yana iya zama Musulmi, a jiharmu ma wannan ya fi yiwuwa. Ba abin damuwa ba ne. Maƙwabtanmu Musulmi su ne suka fi yawa cikin waɗanda aka kashe da waɗanda aka kora a ƙasar Batsari da Safana, ciwon ɗaya ne. Aikinsa ba ya taɓa addininka, in kuwa addu'ar rosari ce take kwantar maka da rai, ka gaya masa, zai sa ta cikin lissafi. Amma ku gudu daga duk wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana ɗaya, ko ya ce ku sadu a ɓoye da dare, ko ya kai hannu jikinki, ko ya kawo muku labarin wani da ya zo gabanku. Wanda ya ba ka asirin wani, naka ma yana hanya. Idan kuma mutumin kirki ne amma jininku bai haɗu ba bayan zama biyu ko uku, ba laifi ka nemi wani.

Sauran magana ga ku na gida. Dayosis ɗinmu na Katsina yaro ne, a 2023 aka yanke shi daga Sakkwato aka ba mu Bishop Gerald Mamman Musa, masu wannan ilimi kuwa kaɗan ne a cikinmu, saboda haka rabin jiyyar a hannunku take. In ɗayanku ya yarda zai je, wani ya raka shi, ya jira a waje. Ku mata, wata ta riƙe wa 'yar'uwarta yara na awa biyun nan. Kada a sanar a coci, kada a sa sunansa cikin addu'ar jama'a sai da izininsa. In ya dawo, kada ku tare shi a bakin ƙofa da tambayar me ka faɗa, me ya ce maka. Zai dawo a gajiye kamar wanda ya yini yana huɗa. Ku ba shi ruwa, ku ba shi tuwo, ku bar shi ya kwanta, ranar komawa kuma ku tuna masa tun da dare.